Sunan Allah da Harafin Kasuwa

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta bi ta 'Yankara da ƙasar Bilbis, ta ratsa Tsafe, ta gifta gindin Dutsen Kwatarkwashi ta shiga Gusau kafin ta miƙe zuwa Bungudu, zai yi karatu ko da bai yi niyya ba. Goshin gingimari rubutu ne, bayan tirela rubutu ne, ƙofar shagon magani da allon makaranta da fastar ɗan takara duk rubutu ne. Akwai kuma wani zubin harafin boko da masu fenti da masu ɗab'i suke yawan komawa gare shi idan ana son a hango abu daga nesa: harafi mai kaurin jiki, wanda aka dasa wa ƙarshen kowace sandarsa faffaɗar ƙafa mai kusurwa huɗu, sannan aka karkatar da shi dama kamar ɗan dako da ya sunkuya ya tasar wa hanya da buhu a baya. Da shi ake rubuta sunan taki da na man girki, da shi ake rubuta kirarin ɗan siyasa, kuma da shi ake rubuta “Ikon Allah” da “Masha Allah” da Bisimilla, wani lokaci har da aya sukutum. Shin wannan kauri girmamawa ce ga sunan da aka rubuta, ko kuwa nauyi ne da mai rubutun ya ɗora wa kansa bai sani ba? Matsayina shi ne kauri a kan kansa ba laifi ba ne, amma duk wanda ya girmama harafin sunan Allah a idon jama'a ya ɗauki amana biyu da za a tambaye shi: abin da yake kiran mutane zuwa gare shi da wannan suna, da kuma inda rubutun zai ƙare.

Kafin a yanke wa abu hukunci sai a san asalinsa. Wannan harafi ba don karatu aka ƙirƙire shi ba. A Landan ya bayyana wajen 1815, a littafin samfur na wani mai zuba haruffan ƙarfe, Vincent Figgins, a zamanin da masana'antun Ingila suka fara fitar da kaya fiye da yadda aka saba, bangon birni kuma ya zama fagen gasar masu talla. Haruffan littafi sirara ne, an yi su don mai zaune da takarda a hannu. Mai tallar caca da gwanjo da wasan kwaikwayo kuwa yana neman abin da zai tsayar da mai sauri a wancan gefen titi, sai aka kumbura jikin harafin, aka ƙara wa siraran ƙafafunsa kauri har suka kusa kamo jikin. Turawa suka riƙa ce masa na Masar, domin tun da Napoleon ya kai yaƙi can a 1798 duk abin da aka jingina wa Masar yana ciniki, alhali babu abin da ya haɗa harafin da ita. Karkatar kuwa ta girme shi da ƙarni uku: Aldus Manutius ne ya fara buga littattafai da karkataccen harafi a birnin Benis na Italiya a 1501, yana kwaikwayon rubutun hannun masana a ƙananan littattafai masu sauƙin ɗauka. Da masu talla suka haɗa kaurin da karkatar, sai kauri ya koma nuna ƙarfi, karkata ta koma nuna sauri. Zuwa ƙarshen shekarun 1820 an fara sassaƙa manyan haruffan talla da katako a Amurka, domin ƙarfe ya yi nauyi da tsada a irin girman da ake nema. Aikin wannan harafi ke nan tun ran gini: ya fizgi idon wanda bai nemi ganinsa ba.

Wannan tarihi yana nuna cewa siffar harafi tana magana kafin kalmar ta yi. Yaron da bai fara makaranta ba yana iya bambanta takardar talla da wasiƙa, domin ido yana auna ƙarfin rubutu kamar yadda kunne yake auna ƙarfin murya. Idan haka ne, ladubban da addini ya gindaya wa murya sun shafi harafi. Musulunci bai hana ɗaga murya ba, wuri ya ba ta. Da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga lafuzzan kiran salla a mafarki, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilalu, domin muryar Bilalu ta fi kaiwa nesa. Mahajjaci namiji ma ana son ya ɗaga murya da talbiyya. Amma a hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Buhari da Muslim suka ruwaito, da sahabbai suka riƙa ɗaga murya da kabbara a wata tafiya, ya ce su sassauta wa kansu, domin wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. A wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa ma akwai umarnin sassauta murya. Ma'aunin a fili yake: ana ɗaga murya idan akwai abin da jama'a suke da haƙƙin su ji domin amfaninsu, ana sassauta ta idan zancen tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Ladan yana kira ne zuwa ga salla, kuma da ya gama sai ya sauko ya shiga sahu.

Kada kuma a ɗauka kaurin harafi baƙo ne a ƙasar nan. Rubutun da alarammomin Kano da Barno suke rubuta Alƙur'ani da shi a ruwayar Warshu yana cikin mafi kauri a duniyar Musulmi. Alaramma yana fiƙe bakin alƙalaminsa da faɗi, ya tsoma a baƙar tawada, ya ja harafi cikakke mai nauyi, ya sa wa fa'un ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, bisa al'adar Magariba. Sannan ya dawo da jar tawada ya yi wasali, ya ɗiga hamza da rawaya. Mus'hafin da Sharif Bala Gabari na Kano ya rubuta da hannunsa an ɗauki hotonsa an buga, ya shiga tsangayoyi da yawa, har masana kwamfuta suka ƙera salon harafi mai suna Alkalami a kan rubutun Kano. To amma wa wannan kaurin yake yi wa hidima? Almajirin da ke bita da hasken wutar kara, da dattijon da idonsa ya fara rauni, da gardin da ke son siffar shafi ta zauna masa a ka. Kuma idan an gama karatu, ana tattara takardun a sa a tadarishi, a zura a gafaka, a rataye a sama. Kaurin mus'hafi na mai karatu ne, wanda ya zo da alwala ya nema da kansa. Kaurin talla na mai allo ne, wanda yake neman hankalin mai wucewa. A ido suna iya kama da juna, amma iyayen gidansu daban ne.

Daga nan amanar farko take fitowa. A dubi fastar ɗan takara da aka liƙa a bangon tasha: a sama ayar da ke cewa mulki na Allah ne yana bayar da shi ga wanda ya so, a tsakiya hoton mai gida da babbar riga, a ƙasa alamar jam'iyya, duka da harafi iri ɗaya mai kauri da karkata. Ayar gaskiya ce, amma aikin da aka sa ta a wannan takarda shi ne ta tsaya wa mutum shaida a kan abin da ba ta faɗa ba. Haka mai shagon da ya rubuta sunan Allah da jan fenti a saman ƙofa, mudunsa kuwa ya ji duka a gindi. Sunan yana sa mai saye ya saki jiki, sakin jikin kuma shi ne ribar mai shago. Wanda ya yi haka ya ari amincin da mutane suke da shi ga Ubangijinsu ya kashe a kan hajarsa. Hadisi ya tsoratar a kan yawan rantsuwa a ciniki, cewa tana sa kaya su tafi amma tana shafe albarka. Rantsuwar baki tana ƙarewa da tashin kasuwa, wadda aka rubuta a allo kuwa tana nan dare da rana tana yi wa mai ita rantsuwa ko yana barci. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, saboda haka mutanenta sun fi kowa cancantar su gane cewa bayyana alamar addini alkawari ne da jama'a za su riƙe mai bayyanawa da shi.

Amana ta biyu ita ce makomar rubutun, kuma ƙasar Tsafe tana da tarihi a kanta wanda bai kamata a manta ba. 'Yandoto tsohon garin malamai ne a wannan ƙasa, kuma a farkon shekarun jihadi, wajen 1806, rundunar Muhammadu Bello ta ci shi da yaƙi. A wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da shugabannin jihadi, waɗanda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen al-Kanemi ita ce mutanensu suna yayyaga littattafai suna watsarwa a hanya da wuraren ƙazanta, alhali akwai sunan Allah a ciki. Bello bai ce abin ƙarami ba ne. Ya amsa cewa a wani garin da suka ci ya ga iska tana kwasar takardu, ya yi ta tsincewa har ya gaji, abin ya ɓata masa rai, ya tara jama'a ya tsawatar, aka gaya masa rigimar ganima ce ta jawo. Masana tarihi suna danganta wannan labari da 'Yandoto. Abin lura shi ne manyan malamai biyu suna jayayya a kan yaƙi da jini da halaccin mulki, amma takardar da ke yawo a ƙasa ta samu gurbi a muhawararsu, kuma babu wanda ya musanta nauyinta. Dukansu sun san Muhtasar na Halilu ya lissafa jefa mus'hafi cikin ƙazanta a babin ridda. Wannan hukunci na mai wulaƙantawa da gangan ne, ba za a ɗora shi a kan mai sakaci ba, amma yana nuna yadda mazhabarmu ta Malikiyya take kallon al'amarin.

Yau abin ya fi na wancan zamani yawa ninkin ba ninki, kuma ba a buƙatar yaƙi. Injin ɗab'i yana fitar da fasta dubu kafin la'asar, da kalandar biki, da takardar gayyatar walimar sauka, da sanarwar rasuwa, kusan kowace da Bisimilla ko aya a ka. Bayan mako biyu ruwa ya kware fastar daga bango ta faɗa kwata, kalandar bara kuma ta koma hannun mai ƙosai. Mafi wuya shi ne babban ƙyallen roba da ake bugawa yanzu, wanda ba ya ruɓewa, ba ya wankuwa. Idan taro ya watse sai ya zama rumfar mai kayan miya, ko shimfiɗar shanya barkono, ko rufin akurki, da sunan Allah a jikinsa mai tsawon kamu guda. A gwada wannan da allon almajiri. Idan ya hardace abin da aka rubuta masa, yana wanke allon a ƙwarya, a sha ruwan ko a zuba shi inda ba a takawa. Tsangaya ta tanadi mafitar rubutu tun kafin a rubuta shi. Maɗaba'ar zamani ta koyi girmama harafi, ba ta koyi yi masa sutura ba.

Za a ce, kuma da hujja, ai tunatarwa ce. Direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau a waɗannan shekaru na 'yan bindiga, wanda ba ya da tabbacin zai kwana a gida, idan ya kai motarsa wurin mai fenti ya ce a rubuta masa “Allah Ya Kiyaye Hanya”, ba talla yake yi ba. Mai fentin zai ja layi biyu da alli, ya karkata burushi, ya cika kowane harafi da rawaya, ya bi gefensa da baƙi don ya fito, direban kuma yana tsaye yana kallon addu'arsa tana samun jiki. Wanda yake biye da shi a hanya zai karanta ya ce amin, kuma wannan alheri ne. Ban ga dalilin hana shi ba, domin ya cika sharaɗin farko: yana kiran mutane zuwa ga abin da yake nasu ne gaba ɗaya. Saura na biyu. Addu'a da Hausa a saman gilashi daban take da aya a kan robar da ke tare taɓo a bayan taya, inda ruwan kwata yake fantsama, ko a gindin bodi inda ake loda shanu. Tsoron da ya sa aka rubuta sunan shi ne ya kamata ya zaɓa masa wuri. Sannan akwai abin da malaman Malikiyya suka ruwaito daga Imamu Malik, cewa ya ƙi a yi rubutu a alƙiblar masallaci saboda yana shagaltar da masallata. Idan a ɗakin Allah ma rubutu na iya raba zuciya da abin da ta zo yi, to ba kowane yawan rubutu ne yawan zikiri ba. Abin da ido ya saba gani a kowane bango yakan daina ganinsa.

Za a kuma ce Musulmi sun daɗe suna rubuta sunan Allah da manyan haruffa. Gaskiya ne. Ƙubbatus Sahra da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina a Ƙudus, mai ɗauke da shekara ta 72 bayan Hijira, tana da rubutun ayoyi mai tsawon kusan mita 240. A Ayasofiya ta Istanbul, allunan da Mustafa Izzet ya rubuta a shekarun 1840 kowane ya haura mita 7 a faɗi. Amma waɗannan misalai hujja ce gare ni. An rubuta su a sama, inda ƙafa ba ta kaiwa, a wurin da aka keɓe aka tsare, da kayan da aka yi don su daɗe, ba kuma tallar wata haja ba ce. Da Abdulmalik ɗin ya sa ayoyi a kan dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, wasu malamai sun nuna ƙyama, domin kuɗi yana shiga hannun mai tsarki da marar tsarki. Wato tambayar nan ta taso tun ƙarnin farko, kuma a kan makoma ta taso. A zamaninmu ma Saudiyya ba ta sassauto da tutarta don makoki saboda kalmar shahada da ke kanta, kuma a 2007 mutanen Khost a Afganistan sun yi zanga-zanga da sojojin Amurka suka raba ƙwallaye masu hoton wannan tuta. Muna jin zafi idan baƙo ya sa sunan inda za a taka. Adalci shi ne mu ji irin wannan zafi idan hannunmu ne ya sa.

Akwai mai cewa alfarmar ta haruffan Larabci ce, boko kuwa rubutun Nasara ne, babu komai idan ya faɗi ƙasa, balle ma ayyuka da niyya suke. Wannan ba ya tsayuwa. Alfarma tana bin wanda aka ambata ne. Tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 boko ya zama hanyar da Hausawa masu yawa suke karanta addininsu, kuma da shi aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Ba wanda zai yarda a naɗe tsire da shafinta don kawai babu alif a ciki. Fiƙihu ya bambanta hukuncin mus'hafi da na sauran littattafai wajen taɓawa, amma bai halatta wulaƙanta sunan Allah da kowane irin rubutu ba. Niyya kuwa ita ke sa aiki ya samu lada, ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da ya san zai biyo baya. Wanda ya ba da aikin fasta dubu biyar ya san sarai ba zai bi bango bango yana kwarewa ba. Kyakkyawar niyyarsa ta gaskiya ce, sakacinsa ma na gaskiya ne, kuma ɗaya ba ya goge ɗaya.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na abinci: masu fenti da masu ɗab'i da wannan sana'a suke ciyar da iyali, kuma abin da mai kuɗi ya ce shi ake yi. Ba a nemi kowa ya ajiye burushi ba. Harafi mai kauri yana da aikin da babu mai yi kamarsa. Shi ya dace da allon da ke gargaɗin kwana mai hatsari, da sunan asibiti da mai neman taimako zai hango da dare, da ranar allurar rigakafi, da farashin taki. A nan fizgar ido ceton mai ido ne. Abin da ake nema daga mai sana'a shi ne irin shawarar da tela yake ba mai yadi: ya ce wa ɗan takara a bar ayar, fastar kwana kaɗan za ta yi; ya ce wa mai biki a rubuta gayyatar ba tare da Bisimilla ba, a faɗe ta da baki a wurin taro; ya ce wa direba a ɗaga addu'ar sama. Limaman Tsafe da Gusau da Bungudu suna iya ɗaukar wannan a huɗuba, masallatai su ajiye akwatin tattara takardu masu sunan Allah don a ƙone ko a binne su da mutunci, kamar yadda Halifa Usmanu ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an kammala mus'hafi domin kare Littafin. Wanda ya shirya taro kuma ya sa kwance ƙyallensa a cikin lissafin kuɗin taron tun farko. Kafin a biya kuɗin kowane babban harafi mai ɗauke da sunan Allah, mai biya ya amsa wa kansa tambaya biyu: wa zai amfana idan an karanta, kuma wa zai sauke shi idan ya tsufa? Wanda ba shi da amsar ta biyu, ya rubuta sunansa da na hajarsa da duk girman da ya ga dama, ya bar sunan Ubangiji a harshensa da mu'amalarsa.